Sunanta Yatsu Biyu

Duk unguwar Los Almendros ana kiranta Niña Fidelina mai pupusa, wato wainar masara mai wake a ciki, amma a wurin ƙanenta Ovidio sunanta yatsu biyu ne: ya miƙe manuniya da ƙaramin yatsa, ya naɗe na tsakiya. Tun suna ƙanana ya raɗa mata shi, lokacin da uwarsu take yi mata kitso guda biyu masu tsayuwa kamar ƙahon akuya. Ovidio kurma ne tun haihuwa, bai taɓa taka makarantar kurame ba, don haka maganarsa ta gida ce, shi da yayarsa suka ƙirƙiro ta a gindin murhu. Wake yana da alamarsa, ruwan sama yana da tasa, mijin Fidelina kuwa, Don Arístides, sunansa shafa tumbi. Yanzu Ovidio ya ba shekara talatin da biyar baya, yana gyaran takalma a gindin mangwaro dab da rumfar yayarsa, kuma ba ya yin awa guda bai ɗaga yatsun nan ba.

Abin da babu wanda ya taɓa zama ya fahimtar da shi shi ne, 'yan dabar da suka shekara ashirin suna riƙe da unguwar su ma haka suke ɗaga yatsu in za su gaisa. Su 'yan dabar sun san shi, dariya suke yi su wuce. Hukuma ce ba ta san shi ba.

Wata Talata, ana wata na biyu da kafa dokar ta-ɓaci, Fidelina ta ɗauki bokitin masara ta tafi inji. Da ta dawo da ƙullu a ka, ta tarar da bencin Ovidio a kife, ƙusoshi sun watse a ƙasa, takalmin makarantar wata yarinya yana yashe da zare a jikinsa. Unguwa ta yi tsit, kowa ya duƙufa a kan aikinsa kamar bai taɓa ganinta ba. Niña Otilia mai kunun masara ce kaɗai ta matso, tana goge ludayi, ba ta ko ɗago kai ba.

"Sun tafi da shi, Niña Fide. Ta bayansa motar 'yan sanda ta biyo. Suka ce ya tsaya, suka sake cewa. Shi ina zai ji? Hannunsa yana sama yana neman ki. Da gindin bindiga suka juyo da shi."

Fidelina ta sauke ƙullun nan a bakin titi, ko rufe shi ba ta yi ba.

Ofishin 'yan sanda ya cika maƙil da mata irinta, kowacce da hoton wani a hannu. Sai da rana ta take tsaka aka kai ta gaban Sajan Menjívar, wani ƙaton mutum da ke yanka ɗanyen mangwaro yana dangwala gishiri.

"Yallaɓai, ƙanena kurma ne. Ba ya ji, ba ya magana."

"Mama, duk wanda muka kamo, da ya shigo nan sai ya kurumce. Jiya ma wani makaho muka kama yana tuƙa babur."

Sauran 'yan sandan da ke bayan kanta suka kwashe da dariya. Sajan ya goge hannu a wando, ya zaro waya, ya juya mata. Ga Ovidio a tsugune, riga a yage, leɓe ya kumbura, ankwa a hannu, amma yatsun nan biyu a miƙe suke.

"Wannan fa? Fada ne ya koya masa a coci?"

"Sunana ne, Yallaɓai. Ni yake kira. Ina yarinya ana yi mini kitso biyu, shi ne ya..."

Hannunta ya soma tashi da kansa don ta nuna masa, kamar yadda ya saba tashi shekara talatin. Sajan ya nuna ta da wuƙar mangwaron.

"Ki kuskura ki ɗaga hannun nan a ofishina, yau ki kwana tare da shi. Kofur, sau nawa ya yi mana tun safe?"

"Na daina ƙirgawa a goma sha biyu, Yallaɓai."

"Kin ji ko? A gabanmu, cikin ofis. Ko manyansu ba su yi mana wannan rashin kunyar ba. Kowace mace ta zo nan ɗan'uwanta waliyyi ne, to wa ya kashe mutanen da muke tonowa a bayan gari? Kwana goma sha biyar ne na bincike, mai gaskiya zai fito. In kina son ki taimake shi, akwai wanda yake yi wa alamar a tsallaken titi. Kawo mana shi. In mutumin kirki ne, ya zo ya sa hannu ya tsaya masa."

Ta roƙa a bar ta ta gan shi ko ta ƙofa ce, minti ɗaya. Sajan ya riga ya kira ta bayanta.

Da la'asar Don Arístides ya dawo daga shagon kayan gini inda yake aiki. Ya ji labari, ya girgiza kai, ya ce Allah ya kyauta, sannan ya tambayi ko akwai sauran wake. Da ta ce ana neman wanda ke tsallaken titi, ya ce titi na kowa ne, shi ina zai sani. Washegari da safe Niña Otilia ta kawo mata kunu a kofi, ta tsaya tana murza bakin zanen gabanta.

"Ban yi barci ba, Niña Fide. Zan faɗa miki, amma ba daga bakina kika ji ba. Mijinki ne. Yana layin bas. Ovidio ya shafa tumbi, ya ɗaga yatsun, ya buɗe tafi, wato ina kike. Bayan sun kayar da shi, kofur ya tsallaka ya tambayi layin ko akwai wanda ya san shi. Don Arístides ya ce ganinsa kawai yake yi a unguwa."

Shekara goma sha tara ke nan Arístides da Ovidio suna cin abinci a tebur ɗaya. Takalmin da ke ƙafar Arístides a layin bas ɗin ma Ovidio ne ya sa masa sabuwar dunduniya.

Ba ta jira yamma ba. Ta same shi a bayan shagon yana ƙirga bututu, ta tsaya a kansa.

"Ganinsa kawai kake yi a unguwa, Arístides?"

Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ja ta bayan buhunan siminti. Ya ɗage hannun rigarsa ya nuna mata abin da ta riga ta sani, zanen zuciya da sunan wata Yesenia a kafaɗarsa, wautar da ya yi yana ɗan shekara goma sha bakwai, wadda ta koɗe ta zama kore.

"Tuɓe mutum suke yi, Fide. Da sun ga zane shi ke nan, ba sa tsayawa karatu. In na shiga, wa zai riƙe gidan? Biyu kike so ki dinga kai wa abinci?"

"Sa hannu kawai aka ce ka yi."

"Haka suke cewa. Kuma tsakani da Allah, sau nawa na ce ki hana shi wannan ɗaga yatsun?"

"Ba ka taɓa cewa ba."

"To, na yi niyya. Ai kwana goma sha biyar ne, me kike ci na baka na zuba? Ke ba ki ga yadda gari ya yi lafiya ba? Da can sau nawa 'yan daba suka tare ni a kan gada? Ba a shan zuma sai an sha harbi."

"Zumar a bakinka, harbin a jikin ƙanena."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, wannan gaskiya ne, kuma tsoron Arístides ba na ƙarya ba ne, an kama mutane a kan abin da bai kai zanen nan ba. Abin da ya ƙona ran Fidelina shi ne yadda tsoron ya yi saurin samun riga da hula, ya fito a matsayin hankali. Ta koma rumfa ta dafa pupusa da hawaye, don murhu ba ya jiran mai baƙin ciki.

Kwana goma sha biyar suka cika. Lauyar da gwamnati ta ba Ovidio, wata Lauya Portillo, ta gana da Fidelina a tsaye a baranda, tana rungume da fayiloli har haɓa. Ba muguwa ba ce. Gajiya ce ta cinye ta, mutum ɗari uku ne a wuyanta.

"Na yi ƙoƙari, Niña. Na sa an kawo mai fassara daga makarantar kurame. Ta ce ko kalma ɗaya ba ta gane ba, wai abin da yake yi ba yaren kurame ba ne. Sai aka rubuta ya ƙi ba da haɗin kai."

"Yaren gidanmu ne. Ni ku kai ni, ni nake jin sa."

"Ke 'yar'uwa ce, ba za su karɓa ba. Yana da katin naƙasa?"

"Katin me? Duk unguwa an san kurma ne."

"Unguwa ba takarda ba ce. Jiya aka yi zaman, ta talabijin, su ɗari uku da wani abu a awa biyu. Da ya ga fuskoki a allon, ina jin ya zaci kina ciki, sai ya sake yin abin. Alƙali ya gani da idonsa. An ƙara wata shida, an kai shi gidan yari."

Daga nan rayuwar Fidelina ta koma bas biyu da leda. Gidan yarin yana bayan gonakin rake, ba a ziyara, ba a karɓar wasiƙa. Abin da aka yarda shi ne ƙunshi: farin gajeren wando, farar riga, sabulu, garin hatsi, sukari, a rubuta sunan mutum a jikin leda a miƙa ta taga. Ko ya isa ko bai isa ba, Allah masani. Matan da ke bakin ƙofar sun kafa rumfunan leda, sun san juna da sunayen waɗanda suke jira. Duk wanda aka sako, sai su yi masa caa da hotuna.

A wata na huɗu aka sako wani dattijo manomi, Don Macario, kai a aske, wando yana zame masa. Yana bin hotunan da ido yana girgiza kai, har ya iso kan na Ovidio.

"Kurman nan? Ɗakinmu ɗaya."

Ta ja shi inuwa, ta ba shi pupusa biyu daga cikin guzurinta. Sai da ya cinye ya lashe yatsu sannan ya yi magana, a hankali, yana kallon ƙasa.

"Yana raye, Niña, wannan dai ki riƙe. Amma akwai abin da yake yi. Duk safiya in an zo ƙirge, sai ya je bakin ƙarfe ya ɗaga yatsu biyu, ya buɗe tafi. Sai su fito da shi. A hannun suke sa masa kulki. Gobe ya sake. Mun riƙe shi, mun zauna masa a hannu, sai ya dinga wani irin kuka da ba ka son ji. Har 'yan dabar na gaske roƙonsa suke yi ya bari, don in an dake shi, ɗakin gaba ɗaya ake hana abinci. Sun nuna masa ta kowace hanya, ba ya kallon kowa. Wai shi me yake nema ne haka?"

"Ni," in ji Fidelina.

Dattijon ya ɗago ya dube ta.

A bas ɗin komawa ta gane inda aka tsaya. Fitar da shi ya fi ƙarfinta. Abin da ya rage shi ne ta isar masa da magana guda, cewa ya daina kiranta, kafin su kashe shi a kan sunanta. Kuma duk duniya daga hannunta kaɗai zai yarda.

Ovidio bai iya karatu ba, amma yana gane zane. Ta ɗauki biro, a cikin kwalin sabulu ta zana hannu mai yatsu biyu, ta ja masa giciye babba, a gefe ta zana kaskon pupusa don ya san daga wa saƙon ya fito. Ta mayar da sabulun, ta liƙe da kyau. A taga wata gandiroba mai furfura ta farke kwalin kamar yadda take farke kowanne. Ta duba, ta dubi Fidelina, ta rage murya.

"Baiwar Allah, kin san ɗaurin shekara nawa wannan zanen yake jawowa?"

"Ƙanena kurma ne, ina so ne ya daina..."

"Yi shiru. Ban ga kome ba, ke ma ba ki zana kome ba." Ta dunƙule kwalin ta cusa a aljihu, ta ture ledar waje. "Yau ba a karɓi naki ba. In na sake gani, ba ni za ki tarar ba. Na baya!"

Da ta isa gida ta tarar da ɗakin Ovidio a share. Arístides ya kwashe kayan aikinsa ya zuba a buhu, ya sauke hotonsa daga bango, har hoton bikinsu ya cire don Ovidio yana gefe. A kan gadon ya jera gwangwanayen fenti.

"Rigakafi ne, Fide. In suka zo bincike, gara kada su ga kome."

Ta durƙusa masa, ita da ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba sai a coci. Ta gaya masa abin da Don Macario ya ce, kulki da hannu da safiya. Ta ce ya sa riga mai dogon hannu, su je wurin lauya, ba ofishin 'yan sanda ba. Idonsa ya kawo ruwa, don ba dutse ba ne.

"Tashi, don Allah, maƙwabta za su ji. Bari abin ya lafa tukuna. In ya lafa, ni da kaina zan je."

Abin bai lafa ba. Wata shida suka zama goma.

Matan bakin ƙofa ba sa rasa jin ƙishin-ƙishin. Aka ce ranar Alhamis da safe za a kwashe marasa lafiya zuwa wani gidan yarin, kuma motocin ba sa shiga ciki, sai fursuna ya taka kamar taku ashirin daga ƙofa. Fidelina ta shirya abin da za ta yi. Za ta ɗaga yatsun, sannan ta kaɗe tafi da tafi, wato ya ƙare, a bari. Daƙiƙa biyu ya isa. Kwana uku tana gwadawa a banɗaki da ƙofa a kulle, kamar mai koyon sata.

Ranar ta samu gaba, ƙirjinta a jikin igiyar da aka gitta. Sojoji suka jeru tsakaninsu da motocin. Wanda ke gabanta matashi ne, ko gemu bai yi ba, yana riƙe da waya yana ɗaukar fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya. Aka buɗe ƙofa. Suka soma fitowa a duƙe, kai a aske, ƙafa ba takalmi, hannu a ɗaure ta gaba. Mata suka ɗauki kiran sunaye, kowacce da nata. Fidelina ba ta da abin kira, nata ba ya ji.

Da ƙyar ta gane shi. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma, hannun damansa ya kumbura ya yi baƙi. Kowa kansa a ƙasa, shi kaɗai yake satar kallo, yana bin matan da ido. Sai idonsa ya faɗa a kanta.

Fuskar nan ta buɗe gaba ɗaya, irin yadda take buɗewa in ta dawo daga inji. Ya tsaya cak a tsakiyar layi. Hannuwansa suka soma tashi. Gandiroban da ke bayansa ya gyara riƙon kulki, sojan gabanta ya juyo da wayar kanta.

A nan ta ga wautar shirinta. Ba yadda za ta ce masa kada ya yi sai ta yi. In ta yi, zai maimaita, don haka suke tun suna yara, ta faɗa ya mayar mata kafin ya ji sauran. Za a kwantar da shi a nan gabanta, ita kuma a jefa ta mota, ba mai kai masa ko sabulu. Gaba kura, baya sayaki, kuma hannunsa ya riga ya kai ƙirji.

Fidelina ta juya masa baya.

Ta tsaya tana kallon gonar rake, ta dafe hannayenta biyu a hammata don kada su ci amanarta. Ta ji ihun matan, ta ji ana buga ƙofofin mota, ta ji inji ya tashi. Ba ta waiga ba sai da ƙarar ta yi nisa. Wata mata da ke gefenta, wadda ke jiran 'ya'ya biyu, ta taɓa kafaɗarta.

"Naki ne mai kumburin hannu? Ya daɗe yana kallon ƙeyarki. Sannan ya sauke hannun, ya shiga mota da kansa. Ko taɓa shi ba su yi ba."

Fidelina ta gode mata. Ta taka har bayan rumfunan leda, ta yi amai.

Bayan shekara ɗaya da wata biyar Lauya Portillo ta kira ta a waya, cike da murna. Ba a samu kome a kansa ba. Takardar sakinsa ma tun wata huɗu da suka wuce alƙali ya sa hannu, tana kwance a aljihun tebur ɗin wani. Babu wanda ya ce a yi haƙuri. An dai ce ya dinga zuwa duk sati biyu yana dangwala yatsa, kuma a takardar an rubuta cewa an sake shi cikin ƙoshin lafiya, ya nuna ɗabi'a mai kyau a watannin ƙarshe.

Don Arístides ya yanka kaza biyu. Ya kwashe fentin daga ɗakin, ya mayar da hotuna bango, ya gayyaci maƙwabta. Yana raba cinya yana ɗaga murya don na bakin ƙofa su ji.

"Ba na gaya mata ba? Na ce mai gaskiya zai fito. Da na biye mata mun yi ta tayar da ƙura, da yanzu wani labarin ake yi. Haƙuri, Niña Otilia, haƙuri shi ne magani."

"Ai kai kam ka iya haƙuri, Don Arístides," in ji Niña Otilia. Ta ajiye farantinta ba ta taɓa ba, ta fita.

Ovidio yana zaune a bakin benci. Ya ci abin da aka ba shi da sauri, yana kare farantin da gwiwar hannu. Da ya gama ya cusa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa, ya zauna a kansu. Bai shafa tumbi ba, bai yi alamar wake ba. Da aka yi yayyafi ma bai nuna sama ba. Fidelina ta yi masa duk maganar da ta tara, ta ce ta yi kewarsa, ta ce bencinsa yana nan, ta ce juya bayan nan don su bar shi ne. Ya kalli hannayenta suna motsi kamar yadda ake kallon na baƙo.

Sati ya wuce a haka. Yana cin abinci, yana barci da rana, in ya ga inuwar mota ta gifta sai ya miƙe ya duƙar da kai. Masu kawo gyaran takalma suka zo, suka koma da kayansu. Mutane suna cewa Fidelina ta gode wa Allah, na wasu a akwati aka kawo, kuma gaskiya suka faɗa. Ta gode. Amma ita ta san abin da aka ɗauka daga gindin mangwaro da abin da aka mayar mata. Sajan yana nan a kujerarsa, alƙali ya wuce zuwa ɗari uku na gaba, mijinta yana munshari da rigarsa mai dogon hannu, kowa yana da hujjarsa, kuma duk wanda ka tambaya aikinsa ya yi ko kansa ya tsare.

Ran Lahadi da safe, Arístides ya tafi coci, gida ya rage su biyu. Ta kulle ƙofa, ta sauke labule. Ta zauna kusa da shi a gindin murhu, inda suka ƙirƙiro kome. A hankali ta zaro hannun damansa daga ƙarƙashin cinyarsa. Ƙaramin yatsan ya warke a karkace, manuniyar ba ta miƙewa sosai. Ta naɗe masa na tsakiya biyu da hannunta, ta miƙe sauran gwargwadon yadda suka yarda, ta ɗaga hannun tsakaninsu, ta nuna ƙirjinta. Ga ni. Kira ni. Yanzu babu kome.

Ovidio ya kalli hannun. Ya fizge, ya dubi ƙofa, ya dubi taga. Sannan ya miƙe tsaye, ya cusa hannayensa biyu a hammata, ya juya mata baya, daidai yadda ta yi masa a bakin gidan yari. Wannan ce kalmar ƙarshe da ta koya masa, kuma ya riƙe ta.

Kurma in ya juya baya, babu ta inda magana za ta shiga. Fidelina ta tsaya tana kallon ƙeyarsa, da tabon kulki inda gashi ya ƙi fitowa. A karon farko a rayuwarta ta buɗe baki ta kira shi da murya.

"Ovidio," ta ce. "Ovidio, ni ce."